Ƙafar Malam Ummaru

Ni ba matafiyi ba ne, mai yankan farce ne. Duk yawona kafin wannan bai wuce daga Ƙaura zuwa Shinkafi ranar Alhamis ba, sai ko Zurmi idan kasuwarta ta ci. Saboda haka ranar da na tsinci kaina a Jidda, a gindin wata gada, da jakar leda a hammata, ba fasfo ba wanda na sani, sai na yarda cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Da bizar umara muka shiga, cikin azumin da ya zagayo bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu ta Zamfara. Ba zan yi ƙarya in ce ibada kaɗai ta kai ni ba. Tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda na gaji wurin zama daga mahaifina, ta mutu a tsaye, jirgi sai ya ga dama yake zuwa, kuma an ce mini a Makka mai almakashi ba ya kwana da yunwa. Mutumin da ya yi mana hanya, wani mai ƙaton zobe da yawan insha Allahu, ya tattara fasfunanmu muna fitowa daga filin jirgi, ya ce mu jira shi a inuwa zai je a buga musu hatimi. Har yau hatimin ake bugawa.

Kwana biyu muka yi a wurin, haraminmu ya yi baƙi a jiki. A rana ta biyu na kasa daurewa, na juya wa mutane baya ina share ido. Sai na ji an taɓa mini kafaɗa da sanda. Wani dattijo ne dogo, siriri, mai farin gemu, a cikin ayarinmu yake amma ban taɓa yi masa magana ba.

"Kai ɗan ina na?"

Na ce Ƙaura.

"To mi kaka yi ma kuka? Ni Zurmi. Takarda ɗai anka sace, ba a sace Ka'aba ba. Mi sunanka?"

"Almu."

"Tashi, Almu, mu tahi."

Shi ne Malam Ummaru. Malamin Arabiyya ne da ya gama aiki, ya koyar a firamare a Sakajiki shekaru masu yawa kafin a mayar da shi gida Zurmi. Gidansu gidan malamai ne. Ƙanensa Malam Sanusi, wanda shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ba a daɗe da naɗa shi alƙali ba a sababbin kotunan shari'a, kuma Malam ba ya iya zance uku bai sako sunansa ba. Niyyarsa ita ce ya yi umara ya laɓe a Makka har lokacin hajji, kamar yadda talakawa da yawa suke yi, don ya ce in ya koma gida ba shi da halin sake zuwa.

Larabcinsa na littafi ne, in ya yi sai Larabawa su yi ta dariya, amma shi ya fitar da mu. Da shi ya samo mana wani direba da ya yarda ya ɗauke mu. Shi ma direban bai bar mu haka ba, ana hango shingen askar, wato 'yan sandansu, ya sauke mu ya ce mu zagaya ta cikin duwatsu zai jira mu a gaba. Muka zagaya da azumi a baki, muka fito titi, ba shi ba alamarsa. Da ƙafa muka ƙarasa. Silifas ɗin Malam ya tsinke a hanya, ya riƙe shi a hannu ya ci gaba da taka tsakuwa mai zafi yana talbiyya, ko ɗingishi bai yi ba. Na ce a raina wannan tsoho akwai juriya.

A Makka Allah ya haɗa mu da Hajiya Tumba, 'yar Shinkafi, mai sayar da tuwo a kan wani tudu a bayan Shara Mansur, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Ta daɗe a can har ta manta farashin goro a gida. Tana jin harshenmu ta ajiye mara ta ce, "Ku mutanen gida na! Ina kuka kwana?" Muka ce inda Allah ya nufa. Ta ba mu wani ɗakin langa-langa a saman gidan da take haya, da tabarma biyu, ta ce mu zauna har mu ga abin da hali ya yi. Ba ta taɓa neman ko sisi a wurinmu ba, sai dai faɗa in mun bar tuwo a kwano.

Na fitar da almakashina da aska na shiga lungu-lungu. Sana'a ta karɓe ni, don a Makka kowa tafiya yake yi, kuma ƙafa ita ke biyan kuɗin ibada. Na ga ƙafafu iri-iri. Na ga faso mai iya ɓoye ƙwayar gero, na ga kaushi, na ga kantar da zaman tahiya ke bari a bayan ƙafar hagu. Kanta kuwa, a sanina na lokacin, iri biyu ce. Akwai mai faɗi, wadda ke shimfiɗe a tafin ƙafa ko a dunduniya, ba ta cika ciwo ba. Akwai kuma 'yar ƙarama mai ido a tsakiya, mai tauri kamar tsakuwa, wadda ke fitowa a kan yatsa ko a gindinsa. Wannan mu a wurinmu saiwa gare ta, kuma gwani shi ne wanda ya haƙo saiwar. Haka na taso na ji, haka na yi shekara ashirin ina yi.

Mahaifina ya koya mini yadda ake sanin inda za a tsaya. Ya ce aska ba ta da ido, bakin mai ƙafa shi ne idonta. Ka yi ta ferayewa a hankali, matacciyar fata ba ta jin komai, da zarar mutum ya ce wash ko ya ja ƙafarsa, to ka iso nama mai rai, ka ɗage hannu. Da wannan ƙa'ida na yi aiki a Ƙaura da Shinkafi, ban taɓa yi wa kowa rauni ba, kuma ina taƙama da haka fiye da yadda ya kamata.

Aka yi salla, baƙi suka watse, gari ya yi fili. Daga nan askar suka fara kamen waɗanda suka ƙi komawa. Duk wanda aka kama sai gidan tarhil a Jidda, inda ake tara korarru kafin a zuba su a jirgi. Na daina fita babban titi. A wannan zaman ne kewar gida ta kama ni sosai. Furar Zurmi nake tunawa, da hayaniyar 'yan kwamisho a tashar Ƙaura, da 'yata ƙarama da na baro tana koyon tafiya. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ni gida bai bar ni ba, yana zaune a ƙirjina.

Malam shi ko a jikinsa. Salla biyar a Harami yake yinta, ya gangara tudu ya hawo, ya ce askar ba su kama mai zuwa masallaci da gemu irin nasa. Kuma a cikin wani takalmi sau-ciki baƙi yake wannan zirga-zirga, sabo fil, wanda kowa ya gani ya san ya yi masa kaɗan.

"Malam, takalmin ga ya matse ka," na ce masa wata rana.

"Alƙali yas saya min. Kyautaƙ ƙane ba ta matsi."

Akwai abubuwan da nake gani ban san fassararsu ba. Ruwa yake sha kamar raƙumi, jarka guda ta zamzam ba ta kai masa yamma, kuma kullum yana hanyar kewaye da buta. Yana ci amma yana ramewa. Hajiya Tumba takan tsokane shi ta ce zai ƙarar wa Larabawa da rijiyarsu, shi kuma ya ce ai albarka yake ɗura wa cikinsa ya kai gida. Mu duka dariya muke yi.

Wata safiya yana alwala na hango tafin ƙafarsa ta dama. A gindin babban yatsa akwai kanta mai kauri, rawaya, da ido baƙi-baƙi a tsakiya. Ina so a san wannan, don shi ne abin da ya fi ci mini rai: bai nemi in taɓa masa ba. Ni na nema.

"Malam, kana da gwani cikin ɗaki kana yawo da wagga?"

"Ba ta dame ni ba, Almu. Bar ta."

"Yau ba ta dame ka ba. Ranar Arhwa hwa, da tahiyar Mina? Kawo in hidda maka ita da saiwatta."

Da ya ji an ambaci Arfa sai ya miƙo. Muka zauna a inuwar tankin ruwa da hantsi, ƙafarsa a kan gwiwata. Na wasa aska, na yi bisimilla, na fara ferayewa. Shi kuwa ya ɗauko labarin wani ɗalibinsa a Sakajiki da ya taɓa zuwa makaranta da ɗan akuya a cikin riga. Ina yanka yana labari. Na wuce rawayar fata, na iso wurin da a sanina ya kamata mutum ya motsa, bai motsa ba. Na ce to saiwar tana da zurfi ke nan. Na karkata bakin aska na shiga. Ina sauraron wash, shi kuwa yana kwaikwayon kukan akuya yana dariya. Sai da na ga jini ya biyo askar ya sauka a kan wandona, sannan hannuna ya tsaya.

"Ka gama?" ya ce.

"Na gama, Malam. Wallahi ban taɓa ganin mai juriyarka ba."

"Mi niy yi? Ai hannunka na da sanyi, ban ji komi ba."

Na ji daɗin yabon, Allah ya yafe mini. Na fasa kafso na barbaɗa garin a ramin, na ɗaure da tsumma mai tsabta. Aka kira azahar, ya tura ƙafar cikin takalminsa ya gangara Harami.

Kwana biyu ina tambayarsa, yana cewa lafiya lau. Daga nan ya koma sa safa ko a ɗaki, alwala kuma sai ya zagaya bayan tanki. Na ɗauka sanyi yake ji. Ashe ya ga wurin ya ƙi warkewa, yana ɓoyewa ne don kada in ji kunya. Kara yake yi mini, ni da na yanke shi.

Hajiya Tumba ce ta gano. Ta hawo da kwanon tuwo wata rana bayan la'asar, ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska, ta ce, "Mi ya mutu cikin ɗakin ga?" Muka duba bayan jakunkuna ko ɓera ne. Malam ya sunkuyar da kai. Ta dube shi, ta dubi safar, ta ce, "Malam, don girman Allah hidda ta."

Safar ta manne, sai da muka jiƙa ta da ruwa. Abin da na gani ba zan bayyana shi duka ba. Ramin da na haƙa ya buɗe yana zubar da mugunya, babban yatsa ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Na zauna daɓas. Garin gyaran gira na tsone ido.

Marar takarda ba ya zuwa asibiti, don daga gadon asibiti sai tarhil. Amma Hajiya ta san wani likita ɗan Sudan da ke duba irinmu a wani ɗaki a bayan kemis. Muka kai Malam a kafaɗa. Likitan baƙi ne kamarmu, mai ƙiba, kuma da ya buɗe baki sai ga Hausa, tsohuwa, irin ta kakanni. Ya ce kakansa daga ƙasar Sakkwato ya taso da ƙafa zai zo hajji, tafiya ta ƙare masa a Sudan.

Ya ce Malam ya rufe ido. Ya ɗauki allura yana taɓa tafin ƙafar mai lafiya, nan da can, yana tambaya ko ya ji. Malam yana cewa, "Ka hwara?" Ya ɗiga jinin yatsan Malam a wata 'yar na'ura, ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, ciwon suga gare ka, kuma ya daɗe. Ya kashe jijiyoyin ƙafa. Ko wuta ka taka ba za ka ji ba." Sannan ya nuna ramin. "Wa ya yi wannan?"

Malam ya ce, "Ƙaya nit taka."

Na ce, "Ni ne. Saiwar kanta na haƙa."

Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya jawo kujera ya zaunar da ni, ya ɗaga tasa ƙafar ya nuna mini wata 'yar kanta a ƙaramin yatsansa. Ya ce kanta ba tsiro ba ce, ba ta da saiwa. Fata ce ke yin kauri a inda ake yawan gugarta ko danne ta, don ta tsare naman da ke ƙasa. Idon da nake gani a tsakiya fatar ce ta dunƙule ta nutsa ciki, saboda nan matsi ya fi yawa. In na haƙo ta yau, matuƙar abin da ke danne wurin yana nan, za ta dawo. Ya ɗauki takalmin Malam ya juya shi ya ce in saiwa nake nema ga ta nan.

Ya ce mai lafiya abin da zai yi kaɗan ne. Ya jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi har fatar ta yi laushi, ya goge da dutsen kaushi a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ya shafa mai, ya sa auduga ta tare wurin, ya nemi takalmi mai yalwa. Mai suga kuwa, ko wanda ƙafarsa ba ta ji, ba a kai masa aska ko kusa, ba a manna masa filastar kemis mai cin fata, ruwan ɗumin ma sai wani ya taɓa masa da hannu. Nasa aikin likita ne, don ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa ba ya warkewa da wuri. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini ƙafa sai na soke shi da tsinken tsintsiya na ga ya zabura, kuma na bar haƙa har abada. Sai dai ilimin ya zo mini a makare.

Sannan ya juya wurin Malam ya faɗa masa gaskiya. Ruɓar ta shiga ƙashi. Zai ba shi allurai da ƙwayoyi su rage mata gudu, amma magani ɗaya ne, a je babban asibiti a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma cikin kwanakin nan. In an bari ta hau jini, to sai dai addu'a. Ya ce za su karɓe shi ko ba takarda, sai dai in ya warke gida za a mayar da shi.

Malam ya yi godiya, ya sa masa albarka. Likitan ya ƙi karɓar komai. Da muka hawo tudu muka kwantar da shi, sai Malam ya ce:

"Ba a yanke ta."

"Malam..."

"Almu, kai ka san gida, ka san abin da ka cikin bakin mutane yanzu. Wanda du' anka gani da dungu, kamin shi buɗe baki an gama mai shari'a. Ni in sauka jirgin korarru, ba takarda, ba hajji, da ƙahwa guntule, daga ƙasad da aka yanke ma ɓarayi? Mi za a ce?"

"Ai hannu aka yankewa, Malam, ba ƙahwa ba."

"Ni za ka koya ma fiƙihu? Na hwarko hannu, na biyu ƙahwa. Cewa za su yi nawa ya yi yawa har anka tsallake hannu."

"Likita shi ba mu takarda mu nuna."

"Wa ka karanta takardal likita a kasuwar Shinkahi?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Ba don ni ba na. Sanusi shi zamna shi yanke ma ɗan wani hukunci, a nuna a ce ga wan nai can da dungu daga Makka? Ni nir rene shi. Ba ni zama abin da za a jehe shi da shi."

Hajiya Tumba tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ka hi ni sani nesa ba kusa ba. Amma ni ban taɓa jin inda Allah yac ce a mutu don bakin mutane ba."

"Gaskiyakki, Hajiya," ya ce. "Ku bari in tsaya Arhwa. Bayan nan ku yanke har wuya."

Arfa kuwa saura fiye da wata guda.

Na ajiye almakashi na koma jinya. Ni ke wanke ƙafar safe da yamma yadda likita ya nuna mini, ni ke ɗaukarsa zuwa kewaye. Kullum sai na roƙe shi, wata rana da lallashi, wata rana da faɗa, har na taɓa ce masa so yake ya bar ni da alhakin ransa. Ya ce, "Kai gyara kan nuhwa. Wanda yan nuhi gyara ba shi da laihi wurina." Wannan yafiyar ta fi mini zagi ciwo. Da ya tsine mini, da na samu abin riƙewa.

Alhazai suka fara sauka. Wata rana da hantsi muka ji ayari yana wucewa a ƙasan tudu, ana magana da harshen gida sak, wani yana kiran wani da sunan unguwarsu a Zurmi. Malam ya ɗago kai, idonsa ya cika da hawaye, ya ce ya san muryar, maƙwabcinsa ne. Na miƙe zan sauka in kira shi. Ya riƙe mini riga da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Kak ka. In ya gan ni hakan ga, labari ya riga ni gida."

Muka zauna muna jin muryoyin har suka ɓace.

Baƙin ya haura idon sawu, zazzaɓi ya zo ya zauna. Ya fara kiran sunayen ɗalibansa na Sakajiki ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran rajista. Ana saura kwana shida Arfa, da safe, hankalinsa ya dawo garau. Ya nemi ruwa ya sha, ya dube ni.

"Almu, ba ni ganin Arhwa. In ka koma, ka tahi Zurmi wurin Sanusi. Ka ce mai da ƙahwata biyu anka ruhe ni. Ya ɗaga kai nai."

Bai ƙara magana ba. Da na ga ina kira ba ya amsawa, sai na saɓa masa. Na ce wa Hajiya ta ɗora mini shi a baya. Ta ce, "Ka san in ka shiga ba ka hitowa?" Na ce na sani. Ta ɗaure mini shi da mayafinta kamar goyo, tana kuka. Na gangara tudun da rana tsaka, na bi babban titin da na yi wata biyu ina gudu, ba nauyi a bayana sai zafi. Niyyata su yanke, in ya farfaɗo ya yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarsa.

A babban asibiti sun karɓe shi da gaggawa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Ni kuma aka haɗa ni da wani askar a bakin ƙofa. Na roƙe shi da hannu da ido ya bar ni in ji yadda za ta kasance, ya duba agogo, ya nuna mini benci, har ya sayo mini ruwa. Kafin la'asar wani ma'aikaci ya fito ya ce Malam ya cika, ba a kai ga shiga da shi ɗakin aiki ba. Askar ɗin ya raka ni na gan shi. Na ɗaga zanen ta wajen ƙafafu na duba, ban san dalili ba. Ba a bar ni na bi jana'izarsa ba.

Ranar Arfa ina tsugune a gidan tarhil a Jidda, cikin ɗaruruwan mutane, muna jin huɗuba a rediyon masu gadi. Bayan salla da 'yan makonni aka zuba mu a jirgi zuwa Kano, daga ni sai rigar jikina.

Kwana ɗaya na yi a Ƙaura na hau motar Zurmi. Labarin rasuwar ya riga ni, Hajiya Tumba ta aika ta hannun alhazai. Duk wanda na tambaya gidan sai ya ce, "Allahu akbar, Malam ya dace, ya cika a Makka." Na tarar da alƙali a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, da littafi a gabansa. Kamarsu ɗaya, sai dai shi gemunsa bai gama fari ba. Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na ce ni ne Almu da muka zauna tare.

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na faɗi yankan da na yi masa da aska, na faɗi cewa ni na nema ba shi ba. Zancen takalmin kaɗai na ɓoye. Na ce ga ni, duk hukuncin da ya hau kaina ya yanke.

Ya ɗago ido ya dube ni. Ya ce, "Shi ya yahe maka?"

Na ce ya yafe.

"To ni wane ne? Allah shi yahe muna baki ɗaya." Ya gyara zama. "Amma abu guda ban gane ba. Likita ya ce a yanke shi rayu. Yaya mai ilimi na, ya san halal na. Mi ya hana shi?"

Nan na isar da saƙo, kalma bayan kalma, yadda aka ba ni. Na faɗa masa abin da Malam ya ce game da dungu, da jirgin korarru, da bakin mutane, da alƙalin da za a nuna.

Ya rufe littafin a hankali.

"Don ni?"

Na ce don kai, ranka ya daɗe.

"Wa ya tambaye shi ƙahwa?" ya ce. "Da ya komo, Almu. Da ya komo da guda, su ce mai ɓarawo, in aje alƙalancin in riƙa goya shi zuwa masallaci."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Aka kira magariba a masallacin ƙofar gida, daga ni har shi babu wanda ya iya tashi.